Farce da Gashin Mamaci: Tsiro Suke Yi, ko Fata ce Ke Ja da Baya?

Gabatarwa

Cikin maganganun da kan taso a zaman makoki, bayan an yi addu'a an shafa kuma hira ta karkata ga al'amarin mutuwa, akwai cewa gashin mamaci da faratansa ba sa daina tsiro. Wasu kan ce na 'yan kwanaki ne, wasu kuma su ce har cikin kabari abin ke ci gaba. Ba a cika musa wa mai faɗa ba, domin wurin ba na gardama ba ne, kuma galibi akan jingina zancen ga wani dattijo mai wankan gawa ko wani mai haƙar kabari da aka ce ya gani da idonsa.

Sai dai a ƙasa irin ta Makoɗa da wuya a sami wanda ya daɗe tare da gawa har ya shaida tsiron wani abu a jikinta. Wannan ƙaramar hukuma, mai hedikwata a Koguna, maƙwabciyar Ɗambatta a arewacin jihar Kano, ƙasar manoma ce mai cike da jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 220,000, ƙauye na hango ƙauye, gona na dafe da gona. Da an yi rasuwa labari ya game gari, matasa sun ɗauki diga da shebur sun nufi maƙabarta, wasu suna ɗinka likkafani, wasu suna ɗebo ruwa. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Duk da haka, ruwa ba ya tsami banza. Maganar da ake yi a ƙasar Hausa, ake kuma yin ta a Turai da Amurka, lallai akwai abin da idanun mutane suka gani kafin bakinsu ya furta ta. Wannan nazari zai duba yadda farce da gashi ke tsirowa a jikin rayayye, da abin da ke samun tushensu idan zuciya ta tsaya, da ainihin abin da ido ke gani a jikin gawa, sannan ya waiwayi abin da littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu suka ce a kai.

Daga ina tsiron ke fitowa?

Duk macen da ta taɓa yin ƙunshi ta san daga inda farce ke tsirowa. Ranar da ta kwance lalle, farcen ya rine ja tun daga gindi har baki. Bayan mako biyu sai wani siririn farin layi ya ɓullo a gindin, dab da fata. Bayan wata biyu farin ya kai wajen rabin farcen, jan kuwa yana ta matsawa gaba ana datse shi kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Lallen bai goge ba, turo shi ake yi daga baya.

Abin da ke yin turin yana ɓoye a ƙarƙashin fatar da ta lulluɓe gindin farce. Ɗan farin nan mai siffar jinjirin wata da ake gani a farcen babban yatsa, shi ne gefen wannan tushe da ya leƙo waje. A nan ƙwayoyin halitta ke rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Sababbin su ture tsofaffin gaba, tsofaffin kuma su cika da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, su baje, su mutu. Tarin waɗannan matattun ƙwayoyi shi ne farce. Gashi ma haka yake. Kowane sili yana da ɗan rami a cikin fata, a ƙasan ramin akwai tushe da ƙananan jijiyoyin jini ke ciyarwa, kuma ƙwayoyin wannan tushe suna cikin mafi saurin rabuwa a jikin ɗan Adam. Keratin ɗin nan shi ne dai a ƙahon sa da kofaton jaki da gashin zabo.

Shi ya sa wanzami ke wuce aska a kai ba zafi ba jini, mai yankan farce a kasuwa kuma ya datse ba a ce wash ba, sai fa in ya zarce ya taɓa nama. Abin da muke gani na gashi da farce matacce ne tun mai shi yana raye. Ɓangaren da ke da rai ɗan ƙarami ne, yana ɓoye, kuma ba ya aiki sai da jini.

An auna saurin wannan aiki. William Bean, wani likita a Amurka, ya shafe shekara 35 yana yi wa farcen babban yatsansa na hagu alama yana bin tafiyarta, ya buga sakamakon ƙarshe a 1980. Yana da shekara 32 farcen na ƙaruwa da milimita 0.123 a rana, da ya kai 67 kuwa abin ya sauka zuwa 0.095. Wani bincike da aka buga a 2010 a kan matasan Amurka ya sami milimita 3.47 a wata ga farcen hannu, da 1.62 ga na ƙafa. Farcen hannu kan ɗauki wajen wata shida kafin ya sabunta gaba ɗaya, na ƙafa kuwa shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Gashin kai yana yin wajen milimita 0.35 a rana, wato kimanin santimita ɗaya a wata. A kan mutum akwai sili kusan 100,000, kuma kashi 85 zuwa 90 cikin 100 nasu ne ke tsiro a kowane lokaci, sauran suna hutu kafin su zube.

Abin da ke tsayar da shi tun mutum yana raye

Hujja mafi ƙarfi a wannan batu tana jikin masu rai. A 1846 likitan Faransa Joseph Beau ya bayyana wani ɗan kwari da kan fito a kwance a kan faratan wanda ya tashi daga ciwo mai tsanani. Dalilinsa shi ne, a kwanakin da ciwon ya yi tsamari tushen farce ya dakata da aiki, ko ya rage shi ƙwarai. Da aka sami sauƙi ya ci gaba, sai wurin da ya dakata ya fito a matsayin tsagi, yana tafiya gaba kamar yadda jan lalle ke tafiya. Likita zai iya auna nisan tsagin daga gindin farce ya ƙiyasta makonnin da suka wuce tun da aka yi jinyar.

Gashi ya fi farce saurin nuna damuwar jiki. Wata biyu zuwa uku bayan zazzaɓi mai zafi, mutum kan ga gashinsa yana zuba a matajin kai, domin ciwon ya tura tushen gashi da yawa hutun dole. Mai jego ma takan ga haka 'yan watanni bayan haihuwa, saboda sauyin sinadaran jiki. Yaron da tamowa ta kama, gashinsa kan yi ja, ya yi laushi, ya riƙa tsigewa da an taɓa, kuma wannan na cikin alamun da Cicely Williams ta bayyana a 1933 a kan yaran da take dubawa a ƙasar da ake kira Gana a yau. Magungunan ciwon daji da ke far wa ƙwayoyi masu saurin rabuwa kan zubar da gashin kai cikin mako biyu zuwa uku da fara shan su. Wanda kuma jijiyoyin jinin ƙafarsa suka tsuke, kamar yadda kan faru ga wasu masu ciwon sukari, gashin ƙwaurinsa kan ɓace, faratan ƙafar su rage tsiro.

A duk waɗannan halaye zuciya na bugawa, huhu na shaƙar iska. Raguwa kawai aka samu a abinci ko a gudanar jini, amma tsiro ya tsaya ko ya raunana. Tushen da zazzaɓi ke dakatarwa, ba shi da hanyar ci gaba da aiki bayan jini ya yanke masa baki ɗaya.

Bayan zuciya ta tsaya

Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu sai ta sami kuzari, kuzarin kuwa yana zuwa ne daga ƙona sukarin jini da iskar oksijin, kuma jini ne ke kawo su duka biyun, shi ne kuma ke kwashe dattin da aikin ya bari. Da zuciya ta tsaya, kawowa da kwashewa sun tsaya tare. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da yake sun fi kowa buƙata, sukan fara lalacewa cikin 'yan mintuna.

Gaskiya ne cewa ƙwayoyin jiki ba sa mutuwa lokaci guda, kuma adalci ne a kawo wannan, domin shi ne abin da mai goyon bayan maganar zai iya riƙewa. A ƙasashen da ake dashen sassan jiki, akan ɗebi fata da fatar gaban ido daga mamaci bayan awoyi da rasuwarsa, a dasa wa wani su yi amfani. A 2012 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta Faransa sun samo wasu ƙwayoyin asali na tsoka da sauran rai a jikin mutane kwana 17 bayan mutuwarsu. A 2017 kuma Alexander Pozhitkov da Peter Noble da abokan aikinsu sun buga sakamakon da ya nuna ƙwayoyin gado sama da 1,000 suna ƙara motsi bayan mutuwa, har kwana biyu a jikin ɓeraye, har kwana huɗu a jikin wani ƙaramin kifi.

Amma idan aka duba waɗannan sakamako da kyau, sai a ga suna ƙarfafa abin da aka faɗa ne. Ƙwayoyin tsokar nan sun tsira ne domin sun shiga wani irin dogon barci, sun rage duk wani aiki zuwa mafi ƙanƙanta, kuma ba su farfaɗo suka rabu ba sai da aka ciro su aka ba su abinci da iska a ɗakin gwaji. Ƙwayoyin gadon da suka motsa kuwa, da yawansu na martani ne ga wahala da kumburi da rauni. Jure wa yunwa daban, gina sabon abu daban, kuma tsiron farce gini ne da ke buƙatar dubban ƙwayoyi su yi ta rabuwa a jere ba tsayawa.

A ɗauka ma, don a yi wa maganar adalci iya adalci, cewa tushen ya ci gaba da aiki da cikakken ƙarfinsa na awa shida bayan rasuwa. Gashin da ke yin milimita 0.35 a rana ba zai kai milimita 0.1 ba a wannan lokaci, wato kimanin kaurin silin gashi guda. Farce kuwa zai ƙaru da milimita 0.025, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Saboda haka duk tsawon da mutum ya gani ƙarara a jikin gawa, daga wani wuri ya fito. Wannan shi ne matsayin da Rachel Vreeman da Aaron Carroll na Jami'ar Indiyana suka tabbatar a mujallar likitoci ta BMJ a Disamban 2007, inda suka lissafa wannan magana cikin kurakurai bakwai da har wasu likitoci ke yarda da su.

Akwai kuma shaida a kowane zaure. Buzun malam fatar rago ce da gashinta, ana zama a kanta shekara da shekaru, gashin yana gogewa yana raguwa, ba a taɓa jin an kira wanzami ya rage masa tsawo ba. A Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai gawar wani mutum daga Gebelein a Masar, wadda zafin yashi ya busar fiye da shekara 5,000 da suka wuce, da sauran gashi a kanta. Keratin yana da wuyar ruɓewa, shi ya sa gashi da farce ke wanzuwa bayan nama ya tafi. Wanda ya tarar da su a tsohon kabarin da ruwan damina ya buɗe, abin da ya saura ya gani.

To, me ido ke gani?

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ƙimar ido kuwa a kullum da kwatance ake yin ta: ana gane tsawon farce ne ta dubawa da naman yatsa, ana gane tsawon gemu ta dubawa da fatar kunci. Idan abin da ake gwadawa da shi ya motsa, ƙimar ta ɓaci. Turken da aka kafa a kududdufi da damina, idan rani ya yi ruwa ya janye, sai a ga kamar ya ƙara tsawo, alhali yadda aka kafa shi haka yake.

Abubuwa huɗu ne ke jawo wannan a jikin gawa. Na farko bushewa. Kimanin kashi 60 cikin 100 na jikin babban mutum ruwa ne, kuma bayan mutuwa ruwan yana fita ta fata ba tare da ana mayar da shi ba. Wuraren da suka fi saurin bushewa su ne bakin yatsu da leɓɓa da kan hanci. Naman bakin yatsa ya motse, fatar da ta rufe gindin farce ta ja baya, sai farcen ya fito fili ta gaba da ta baya. A fuska kuma kunci ya faɗa, fata ta tsuke, sai guntun gashin da ke nitse a cikin raminsa ya leƙo, har wanda aka yi wa aski jiya ya yi kamar ya kwana biyu bai ga wanzami ba. A ƙasar Kano, da hunturu, danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, iskar da ke tsaga leɓen mai rai da dugadugansa. A irin wannan yanayi bushewar gawa tana da sauri. Sanyin ɗakin ajiyar gawa a asibitocin birni ma yana busar da fata, don haka dangin da suka je ɗauko wanda ya kwana biyu a can su suka fi ganin wannan sauyi. Masu shirya gawa a Turai da Amurka, inda akan ajiye ta kwanaki, sukan shafa mai a fuska da hannuwa don hana wannan motsewa.

Mai wankan gawar mace da ta ga farin farce ya bayyana a bayan jan lalle, za ta iya zaton tsiro ne, domin haka ta saba gani a hannunta. Bambancin yana ga inda aka fara awo. A hannun rayayya, jan lallen ne ke nisantar gaɓar yatsa. A hannun mamaciya kuwa, tsakanin ƙashin gaɓa da jan lallen yana nan yadda yake, fata ce ta koma baya ta tona farin da take rufe da shi.

Na biyu sandarewa. Awa biyu zuwa shida bayan rasuwa tsokoki kan fara ƙagewa, kuma zafi na gaggauta hakan, shi ya sa ake hanzarin rufe idanun mamaci, a ɗaure masa haɓa, a miƙe masa gaɓoɓi. Kowane silin gashi yana da 'yar tsokarsa, wadda ke sa tsigar jiki ta tashi idan an ji sanyi ko tsoro. Ita ma takan sandare, ta miƙar da gashin tsaye, gashin da ke tsaye kuwa ya fi na kwance bayyana.

Na uku saɓulewar fata. Gawar da ta daɗe a ruwa, kamar wanda ya nutse a kududdufi ko a dam ba a gan shi da wuri ba, ko wadda ta fara ruɓewa, fatarta ta sama kan saki, wani lokaci ta fita tare da farce. Abin da ke ƙarƙashi santsi gare shi da ɗan haske, sai mai kallo ya zaci sabuwar fata ce da sabon farce.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne yawa a ƙauyukanmu, shi ne doguwar jinya. Dattijo ya kwanta wata biyu a ɗaki. Ana ta fama da kunu da magani da juya shi, ba wanda ya tuna da reza. A wata biyun nan faratansa sun ƙaru da wajen milimita 7, gemunsa da kusan santimita 2, jikinsa kuma ya zabge, yatsu sun zama ƙashi da fata. Maƙwabtan da suka shigo wanka rabonsu da shi tun yana fita masallaci. Suka ɗaga hannunsa za su zuba ruwan magarya, sai ga farata zaƙo-zaƙo. Tsiron gaskiya ne, amma ya faru ne yana raye, lokacin da ba wanda ke dubawa.

Inda kuskuren ya kai wasu

Tarihin Turai ya nuna cewa wannan kuskuren gani yana iya yin ɓarna. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo na ƙasar Sabiya, wadda arewacinta ke hannun daular Ostiriya a lokacin, mutane sun zargi wani mamaci, Petar Blagojevic, da tashi da dare yana kashe maƙwabtansa. Suka tono shi mako goma bayan binne shi, a gaban wani jami'in gwamnati mai suna Frombald, wanda ya rubuta cewa ya ga gashi da gemu sun tsiro, tsofaffin farata sun zube sababbi sun fito, ga sabuwar fata a ƙarƙashin tsohuwa. Aka soke gawar da tsinin itace aka ƙone ta. A Janairun 1732 likitan soja Johannes Fluckinger ya sa hannu a kan rahoto irin wannan daga ƙauyen Medveda, inda aka tone kaburbura da dama aka ƙone gawarwakin da aka zarga. Duk waɗannan alamu na gashi da farce da fata, ilimin binciken gawa na yau ya san su: motsewar fata ce da saɓulewarta. Sai a 1755, bayan likitan fada Gerard van Swieten ya yi bincike, Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya ta hana wannan aiki.

Adabi ma ya taimaka wajen raya maganar. A Ingila, da aka buɗe kabarin Elizabeth Siddal a 1869, shekara bakwai bayan rasuwarta, don ciro rubutattun waƙoƙin da mijinta Dante Gabriel Rossetti ya binne tare da ita, labari ya yaɗu cewa gashinta ya ci gaba da tsiro har ya cika akwati. Mijin bai halarci wurin ba, kuma ana danganta labarin ga wakilinsa da ya tsaya a kan aikin. Marubucin Jamus Erich Maria Remarque, a ƙagaggen labarinsa na 1929 kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya sa wani soja yana tunanin faratan abokinsa suna tsiro a ƙarƙashin ƙasa, kuma miliyoyin mutane sun karanta.

Abin da littattafan zaure suka ce

Ɗalibin da ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya kai Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, zai tarar a babin jana'iza cewa ba a yanke wa mamaci farce, ba a kuma aske masa gashi. Muhtasar na Shaihu Halil ya sanya yin hakan cikin makaruhai, ya ƙara da cewa in an riga an yi, sai a haɗa abin da aka yanke a cikin likkafani. Hanafiyya ma sun hana, Hambaliyya kuwa sun ba da damar rage farce da gashin baki idan sun yi tsawo. Saɓanin malaman yana kan tsafta da mutuncin mamaci ne, game da tsawon da ya rasu da shi. Gashin mace kuwa, hadisin Ummu Aɗiyya a kan wankan 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna an kitse shi gida uku.

Wasu kan haɗa wannan magana da labaran shahidai da bayin Allah da ƙasa ba ta ci ba. Ya kamata a rarrabe. Buhari ya ruwaito cewa Jabir ɗan Abdullahi ya tono mahaifinsa, wanda ya yi shahada a Uhudu, bayan wata shida, ya same shi kamar ranar da ya binne shi, in ban da ɗan wani wuri a kunnensa. Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo cewa ambaliya ta buɗe kabarin wasu shahidan Uhudu biyu bayan shekara 46, aka same su ba su sauya ba. Abin da waɗannan ruwayoyi suka tabbatar shi ne rashin sauyawa, tsiro kuwa sauyawa ne. Mai imani da su ba ya buƙatar yarda da tsiron farcen mamaci, wanda kuma ya ƙi yarda da tsiron bai taɓa imaninsa ba.

Umarnin gyara a kan rayayye yake. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa an iyakance kada a wuce kwana 40 ba a yanke farce ba, ba a rage gashin baki ba, tsawon lokacin da farce ke ƙaruwa da wajen milimita 4. Sahabi Hubaib ɗan Adiyyu ma, da ya tabbata za a kashe shi a Makka, aska ya ara ya gyara jikinsa tun yana da rai.

Kammalawa

Farce da gashi ba sa tsiro bayan mutuwa. Tushensu yana rayuwa ne da jini, kuma ciwo ko yunwa ma sun isa su dakatar da shi. Waɗanda suka ce sun ga tsawo ba ƙarya suka yi ba, fassarar abin da suka gani ce ta kuskure: fata ta bushe ta ja baya, ko tsoka ta sandare, ko fata ta saɓule, ko kuwa jinya ce ta yi tsawo ba a kula ba.

Sanin haka yana ɗora mana nauyi biyu. Na farko kame baki. A inda har yanzu zargin maita da sammu ke raba zumunci, kalma ɗaya da ta fito daga ɗakin wanka game da faratan wata tsohuwa tana iya bin 'ya'yanta da jikokinta har wajen neman aure. Malamai sun so mai wankan gawa ya zama amintacce, kuma an ruwaito falala mai girma ga wanda ya wanke mamaci ya rufa masa asiri. Idan yaro mai zuba ruwa ya ce, "Baba, kamar gemun Malam ya ƙaru," amsar da ta dace da ilimi da addini ita ce, "A'a ɗana, jiki ne ya zabge. Yi masa addu'a."

Na biyu kula da majinyaci. Mazhabar da muke bi, ta su Risala da Muhtasar, ta rufe ƙofar yanke farce da aski da zarar rai ya fita, don haka lokacin yin su shi ne lokacin jinya. Dogon farce yana tara datti, yana kuma yagar fatar mai rauni idan ya yi susa. Ɗa ko 'ya da ke jinyar tsoho su sa wannan cikin aikinsu na ranar Juma'a: a kira wanzami ya gyara masa fuska, a jiƙa masa yatsu a ruwan ɗumi a yanke masa farata a hankali, a shafa masa mai a hannu da ƙafa. Haƙƙinsa ne a kanmu, kuma yanzu ne kaɗai za a iya sauke shi.